Hon Ba Sallama Ba Ce

Duk wanda ya taɓa bin titin da ya fito daga Damba zuwa cikin garin Gusau da hantsi, ya tarar da motoci sun yi layi suna rarrafe kamar masu rakiyar amarya, babu hatsari, babu shingen 'yan sanda, to ba sai an gaya masa ba, Kawu Labbo ne a gaba. Yana bisa tsohon baƙin kekensa, zabirar wanzanci rataye a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando ɗaya don kada kaca ta cinye, yana taka feda a hankali kamar mai gudun tada jariri daga barci. Kuma ba gefen titi ba fa! Tsakiyar hannunsa, daidai inda mota take bi.

Ka danna hon har yatsanka ya yi tsami, Kawu ko waiwaye. Amma ka sauke gilashi ka ce, "Salamu alaikum, Baba," nan take za ka ga ya ɗaga hannu, ya karkata gefe, ya amsa maka har da wabarakatuhu, sannan ya ƙara da, "A sauka lahiya."

Ku da kuka san shi na san kun fara murmushi. Ni kuwa a lokacin abin bai taɓa ba ni dariya ba. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwarta, ba ni da wani uba sai shi. Kullum ya tura keken nan ya fita, zuciyata tana bisa kwalta har sai na ji ƙarar kacarsa a zaure. Abu ɗaya nake tsoro tun ina yarinya har na yi 'ya'ya: ranar da za a shigo a ce mini mota ta take Kawu.

Ina 'yar sakandare na taɓa tsare shi yana wasa aska, na ce, "Kawu, don Allah me ya sa ba ka kaucewa in an yi maka hon?"

Ya dube ni ta saman ido. "An yi min magana ne?"

"Hon ɗin ai magana ce."

"Ke ɗiyag ga! Hon ba sallama ba ce. Tun muna makarantar zaure malam ya karanta muna, wanda ke bisa abin hawa shi ka fara gaida na ƙasa. Mai mota ya hi ni tudu, shi za ya fara. Ni kuma in gaida mai tahiya ƙasa, shi ya gaida na zaune. Mi ya yi wuya a nan?"

Kuma wallahi yana cika nasa. Babu mai tafiya a ƙasa da zai wuce bai yi masa sallama ba, ko mai tallan gyaɗa ce. Ƙararrawar keken ma tun ranar da ya saye shi ya kwance ta, wai ƙanwar hon ce, uwarsu ɗaya. A lissafinsa mai tirela ya gaida mai bas, mai bas ya gaida mai napep, mai napep ya gaida ɗan kabu-kabu, har abin ya gangaro kansa. Motar asibiti kaɗai ya ɗauke wa. Da ya ji kukanta zai sauka gaba ɗaya ya tsaya yana addu'a, ya ce mara lafiya an sauƙaƙa masa ko a salla, balle a titi.

Na ce, "To ko ba za ka kauce ba, ka riƙa bin gefe mana."

"Gehe? Kin san abin da ke gehe? Rairayi, da bakin kwalbati, da ƙohwar mota da za a buɗe maka ga goshi. In kana gehe direba ba ya ganin mutum, sarari yake gani. In kana tsakiya dole ya san da kai, ko da zagi ne. Na hi son a zage ni da a yi min salla."

To ka ji. Me za ka ce da wannan?

Direbobin Gusau sun yi fushi har sun gaji, sun koma sun sallama, sun koyi sallamar. Baƙi ne ke shan wahala. Wata rana a hanyar Bungudu, zai je askin suna, wani mai tanka da ya fito daga kudu ya biyo bayansa. Bawan Allah ya danna hon ɗin nan mai kama da busa ƙaho, awaki suka watse, mata suka toshe kunne, Kawu na nan yana taka fedarsa. Ga motoci suna tahowa ta ɗaya hannun, babu halin wucewa. Fasinjojin wata bas da ke bayan tankar suka leƙo suna ihu, "Yi mai sallama! Direba, yi mai sallama!" Mutumin bai san me ake nufi ba, ba Musulmi ba ne, Hausarsa ma gutsi-gutsi. Can dai wani ya fahimtar da shi gaisuwa ake so. Ya leƙo daga can sama, gumi na zuba, ya ce, "Baba! Sannu! Ina kwana! Yaya yara!"

Kawu ya ɗaga hannu ya ba shi hanya. Da ya dawo gida yana ba mu labari ya ce, "Wanga mutum yana da tarbiyya. Har ɗiya ya tambaya. Namu ko ɗaya bai taɓa ba."

Ikon Allah, sai ga shi ni da na tashi gidan mai keke na ƙare a gidan direba. Baban Hafsa, wato maigidana Malam Nasiru, motar haya yake ja tsakanin Tsafe da Gusau. Lokacin da yake nemana sabon shiga ne a layin, ni kuma gidan yayata yake zuwa zance, bai taɓa ganin Kawu ba. Ranar da manyansa suka sa za su zo gaisuwa, da safe ya kwaso lodi yana sauri, sai ga wani tsoho a tsakiyar titi. Ya yi hon, ya yi hon, ya samu sarari ya wuce shi a guje, ya leƙo ya ce, "Tsoho, in ka gaji da duniya ka tafi gida ka mutu!"

Da la'asar suka yi sallama a ƙofar gidanmu, shi da baffanninsa biyu, ya sha shadda har tana ƙara. Abin da ya fara gani a zaure shi ne baƙin keke a jingine. Ya ce mini daga baya, a take ya gane keken tsohon da ya zaga da safe ne.

Kawu ya fito ya tarbe su da fara'a, aka gaisa, aka yi addu'a, ko a fuska bai nuna komai ba. Ni ina bayan ƙyaure ina leƙe, Allah ya yafe mini. Da za su tashi sai Kawu ya ce, "Wanga yaro suma ta yi mai yawa. Ba a neman aure da kai haka. Zamna in rage maka, kyauta."

Wa zai ce a'a? Ya cire hula ya durƙusa. Kawu ya jiƙa kan, ya wasa aska a tafin hannu, ya fara. Ya gama kai, ya gangaro gemu, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora askar daidai maƙogwaro. Sannan ya tambaya a hankali, "Malam Nasiru, farar motar nan mai tsagaggen gilashin baya, taka ce?"

Maƙogwaron yana hawa yana sauka.

"Na ji an ba ni shawara da sahe, ban samu na yi godiya ba."

Sai muka ji wata siririyar murya ta ce, "Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu."

"Wa alaikumus salam. Ka gani? Ashe ka iya. Na ba ka ita."

Haka aka ba da ni, jama'a. Ko kwarzane bai yi masa ba, amma har yau in Baban Hafsa zai yi aski, shagon masu inji yake zuwa.

Shekaru suka ja, titunan Gusau suka cika. Napep suka yi yawa, 'yan kabu-kabu kamar an zazzage su daga buhu, tifofin yashi suna gudu kamar ana bin su. Masu keke 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya suka bari, wasu suka sayi mashin, wani abokinsa mai sayar da goro kuwa a titi ya cika, Allah ya jiƙansa. Garin Wanke da ƙauyukan da yake zuwa aski ya daina, saboda halin da hanyoyin suka shiga, amma cikin gari da Bungudu babu fashi. Ga gashi ya yi fari tas, ga ido ya fara raguwa. Na yi kuka, na yi roƙo, na haɗa shi da limamin unguwa. Liman ya je yi masa nasiha, ya dawo yana cewa, "To, ai hujjarsa tana da ƙarfi."

Sai muka ƙulla dabara da maigidana. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, kujerar gaba taka ce duk inda za ka, har abada. Ka huta da keken nan."

Abin mamaki, Kawu ya ce to. Akwai suna a Tsafe, ya ce a zo a ɗauke shi. Ranar har sadakar ƙosai na yi.

Ashe ban san me na jawo wa mijina ba. Suna fita daga tasha Kawu ya sa aka sauke gilashi. Ga mai keke a gaba. "Rage wuta. Yi mai sallama." Aka yi. Ga mai amalanke. "Sallama." Ga mata sun ɗauko itace. "Kai ne bisa, kai ka farawa." Maigidana ya kai hannu zai danna hon, Kawu ya buge hannun. Tafiyar da ba ta kai a gaji da zama ba, sai da rana ta take suna hanya. Can a hanya wata tsohuwa da ke baya ta ce, "Direba, sauke ni in taka da ƙafa, ka ga sai ka yi mini sallama ka wuce." Wani mai kaji ya ce kajinsa sun fara yin ƙwai.

Da yamma maigidana ya shigo, murya ta dishe, ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Na ce, "Lafiya? Yaya Kawu?"

Ya ce, "Ramatu, na roƙe ki da girman Allah. Gobe ki je ki duba ko tayar kekensa tana buƙatar iska. Ni zan biya."

Na yi dariya har da hawaye, amma da na kwanta tsorona ya dawo inda yake.

Ranar da nake gudu ta zo mini ina kasuwa, ina tayin kuɓewa. Sai na ji ƙara, na ji ihu, na ga mutane suna gudu wajen titi. Wani ya wuce yana cewa, "Tifa ta buge mai keke!" Ban tambayi ko wane ne ba. Na saki ledar hannuna, takalmina ɗaya ma a can na bar shi.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya. Direban, wani magidanci mutumin Bungudu mai suna Mu'azu, ya ɗauko yashi, yana gangarowa sai birki ya ƙi. Ya hango Kawu a gaba. Da wani ne, hon zai danna. Amma ya san Kawu, ya san hon ba zai motsa shi ba ko da tsawar aradu ce. Sai ya zuro kai ta taga ya kwarma iya ƙarfinsa, "Salamu alaikum! Salamu alaikum, Baba!" Kawu kuwa, kamar kullum, ya ɗaga hannu, ya fara karkata cikin natsuwa yana amsawa. Bai kai ga wabarakatuhu ba gefen motar ya kwashe shi. Mu'azu ya karya sitiyari ya cusa tifar cikin kwalbati, ita ce ta tsayar da ita.

Ko da na kutsa, Kawu na kwance a kwalta, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini a goshi. An riga an finciko Mu'azu daga mota. Kun san yadda taro yake in ya ga jini. 'Yan kabu-kabu, masu tura baro, 'yan kallo, kowa da haushin direban da ya taɓa watsa masa ruwa ko ya tura shi rami. Na ga duwatsu, na ga gora, na ga wani yana zuƙo mai daga tankin mashin a cikin gorar ruwa. Mu'azu ya faɗi kusa da Kawu, baki duk jini, yana cewa, "Birki ne, wallahi birki ne, ina da 'ya'ya."

Sai na ga hannun Kawu ya miƙa. Ya damƙi wuyan hannun mutumin nan, ya jawo shi jikinsa. Ya yunƙura bisa gwiwar hannu, tsoho mai karyayyar ƙafa, ya yi magana da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Kai! Ku dakata!"

Aka ɗan lafa.

"Wanga mutum ya yi min sallama. Kun jiya?"

Wani ya ce, "Mun ji, Baba, amma..."

"Na amsa mai. Wanda ka amsa wa sallama ka ba shi aminci. Bakina ya riga ya ba shi, ba ni amshewa. Wanda duk ke son shi, ya fara zuba man nan bisa kaina."

Wallahi tallahi, na ga duwatsu suna faɗuwa daga hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai gorar man ya ɓoye ta a bayansa kamar yaron da aka kama da satar nama. Shekara da shekaru na ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Ashe shi da gaske yake, kalmar nan da muke furtawa kamar tari, a wurinsa alkawari ce.

Ya hango ni, ya ce, "Ramatu, ina takalminki? Matar aure a kasuwa da ƙahwa guda!"

Bai saki hannun Mu'azu ba. A napep ɗaya aka sa su, a haka suka shiga asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta zo za ta sa masa ƙarin ruwa ta ce, "Baba, saki hannun nan." Ya ce, "Ga ɗayan. Wanga yana aiki." 'Yan sanda suka zo, ya ce musu babu ƙara, tsakaninsa da baƙonsa ne. Sai da aka ɗinke wa Mu'azu leɓe, 'yan uwansa suka iso daga Bungudu, sannan ya buɗe yatsunsa. Da zai sake shi ya ce, "Gobe in birki ya ƙiya, sallama guda ta isa. Ta biyun ce ta ruɗe ni."

Ƙafar ta ɗoru, amma a karkace. Kawu bai sake hawa keke da kansa ba. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni, ya ba ni, sai na rasa inda zan sa shi. Muka dawo da shi gidanmu. Yakan zauna a ƙofar gida bisa tabarma, yana kallon titi, abinci sai an yi da gaske. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma sai ka yi magana uku ya amsa ɗaya. Na raba shi da mota, ina kallo zama yana cinye shi.

Wata Juma'a maigidana ya ce, "Baba, shirya in kai ka masallaci."

"A mota? Na gode. Nan zan yi sallata."

Baban Hafsa ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da keken, wanda Mu'azu ya kai aka miƙe ya dawo da shi. Ya ɗaura matashi a mazaunin baya, ya tattare babbar rigarsa, ya ce, "Bismilla." Mutumin da rabonsa da keke tun yana firamare! Muka ɗora Kawu a baya. Suka tafi suna tangaɗi, ina jiyo Kawu yana cewa, "Tsakiya! Na ce tsakiya! Kai wane irin direba ne?"

Da suka dawo, fuskar Kawu kamar an kunna fitila, har tuwo ya nemi ƙari. Maigidana kuwa ya shigo rigarsa sharkaf, ya sha ruwa kofi biyu. Sannan ya ce, "Ramatu, ashe haka mota take da girma in kana ƙasa? Wata ta wuce mu, iskarta kaɗai ta kusa kayar da ni. Abokina ne ma, tasharmu ɗaya. Ko ganina bai yi ba." Ya sunkuyar da kai. "Shekara nawa ina yi wa mutane haka."

Daga ranar, kowace Juma'a shi ne direban Kawu, har Allah ya yi ikonsa.

Kuma ba a titi ba. A kan tabarmarsa, bayan sallar la'asar, kansa a cinyata, ina ba shi ruwa da cokali, Hafsa na karanta masa abin da ta haddace. Jikinsa cikakke, babu ƙura, babu taron 'yan kallo. Ya yi kalmar shahada a hankali, yadda yake yin komai, ya tafi. Tsoron da na ɗauka tun ina yarinya, Allah bai nuna mini shi ba.

Ya Allah, ga bawanka Labbo ya zo gare ka. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe wa waɗanda suka zage shi, ka kai masu mota da masu keke gidajensu lafiya. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Mutumin da bai taɓa sauri a duniya ba, ya Rabbi, ka sa ya ƙetare siraɗi kamar walƙiya. Amin.